Hannun Inna na Dama

Aikina duba fatar mutane ne, ko da yake ba don shi aka ɗauke ni ba. Jami'in lafiya aka ɗauka, wanda zai duba masu zazzaɓi, ya ɗinke wanda lauje ya yanka, ya rubuta wa mai gudawa magani. To amma a ƙaramin asibitin da nake aiki a Talata Mafara babu likitan fata, mai neman sa sai ya yi tattaki zuwa Gusau ko Sakkwato, saboda haka duk wanda ya shigo yana susa ɗakina ake nuna masa. Ranar Talata kuwa, da yake ita ce ranar kasuwa, benci cika yake yi maƙil. Mutanen Garbadu da na Kaya da na ƙauyukan Bakura, kowa ya sayar da abin da ya kawo sai ya biyo ya kwance mini inda ke damun sa.

Wani dattijon ma'aikaci ne ya buɗe mini ido, lokacin da aka fara tura ni Maradun. Littattafan da muka karanta a makaranta cike suke da hotunan fatar Turawa, komai a cikinsu ja ne, wannan ja, wancan ja. Na iso wurin aiki ina neman ja a jikin mutanen da ba su da shi. Dattijon nan ya ce in ajiye littafin in fitar da mara lafiya tsakar rana, in duba, in tambaya, in taɓa. A hannunsa na koyi cewa ƙazuwa tsakanin yatsu da wuyan hannu take zama, kuma ba ta kama mutum ɗaya a gida, in ka tambaya za ka ji har jariri susa yake. Makero zagaye yake yi, gefensa ya taso, tsakiyarsa ta lafa. Kyasbi kuwa fari-fari yake fesowa a ƙirji da baya, in ka kankara da farce sai wani gari ya tashi kamar dusa.

Akwai guda ɗaya da in zai yi maganarsa sai ya rage murya. Tabo ne mai haske, ya fi sauran fata fari kaɗan, ba ya ƙaiƙayi, ba ya gari, ba ya zufa, ba ya damun mai shi da komai. Ya ce duk ranar da na ga irinsa in yagi auduga in murza bakinta, in sa mutum ya rufe ido, in riƙa taɓa shi ina cewa ya nuna mini inda ya ji. In ya ji ko'ina amma bai ji a kan tabon ba, to kuturta ce. Maganinta yana nan, kyauta ake bayarwa, kuma wanda aka kama da wuri warkewa yake yi sarai, ba wanda zai taɓa sanin ya yi ta. Amma cutar jijiya take ci a hankali, kuma jijiyar da ta riga ta mutu babu ƙwayar da ke tashin ta. Ya ce mini duk aikin a kan gaggawa yake, ko da mai ciwon bai ga abin gaggawa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai a wannan aiki shi ne ciwon saƙo. Magidanci zai shigo, mu gaisa, mu tambayi gida da gona da ruwa da gajiya, sannan ya ɗage wandonsa ya nuna mini cinyarsa lafiya lau ya ce, "Nan wurin na gare ta." Matarsa ke ciwo, tana gida, shi ya zo da cinyarsa a madadin tata. Wani tsohuwarsa ce, wani maƙwabcinsa. Ni kuma ina da zuciya, ban iya ɓoye ta ba. Nakan ce masa to kwanta in yi maka allurar, in ka koma gida ka shafa mata. Wasu su yi dariya, wasu su fita da fushi su nufi kemis, inda yaro zai matse musu mayuka uku ko huɗu a roba ɗaya ya ce haɗi ne. Haɗin nan yakan kwantar da ƙaiƙayi ya sauya wa ciwo kama, sai bayan wata da watanni a kawo mini fatar da ko dattijon Maradun ba zai gane ta ba. Saboda haka na kafa wa kaina doka, kowa a asibitin ya san ta: ba na ba da maganin fata sai na ga fatar da idona.

Ni ɗan fari ne. Gidanmu asalinsa na Fulani ne da suka zauna a wani ƙauye kusa da Birnin Tudu. Shanu sun ƙare tun zamanin kakana, Fulatancin ma saura gaisuwa da zagi, amma kunya tana nan ba abin da ya taɓa ta. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, a can na girma. Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina yaro "wancan" take ce mini, da na kama aiki na koma "mai asibiti". In na je gaishe ta a bakin ƙofa nake tsugunawa, ta amsa daga ciki a taƙaice, fuskarta a wani gefe. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, don haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari a danginmu, kuma ban taɓa barin ƙauyen ba tare da an biyo ni da man shanu ko dakakkiyar kuka ba, a ce in ji Inna. Ƙanwata, autarmu, ita ce bakinta a wurina. Ita kam har kan cinyar Inna take kwanciya ana yi mata tsifa.

Wata ranar Juma'a na je gida, ina tsugune a tsakar gida ina wanke hannu, Inna ta sunkuya za ta sauke tukunya. Mayafinta ya zame. A hannunta na dama, ƙasa da gwiwar hannu, na ga tabo mai haske, faɗinsa ya kusa tafin hannun yaro. Kafin in ƙara kallo ta ja mayafin ta rufe, ta shige ɗaki. Na dawo Mafara ina gaya wa kaina kyasbi ne, ai kyasbi ya fi komai yawa a ƙasar nan.

Ba a daɗe ba ƙanwata ta shigo ɗakina ranar kasuwa. Bayan mun gaisa ta ce, "Inna tac ce ka ba ta maganin kyasbi."

Na ce, "Shina mata ƙaiƙayi?"

"Ba shi ƙaiƙayi."

"In an kankara shina gari?"

"Sumul shike. Akwai wani ma bisa bayanta, ni ag gane shi ran da nika cuɗa ta."

Na ce mata ta koma ta zo da Inna, ko kuma ni in je ranar Juma'a in duba ta a tsakar gida, abin ba zai ɗauki lokacin shan fura ba. Ta dube ni kamar na yi saɓo.

"Yaya, kai ma ka san ba ta yarda. Inna ta buɗe maka baya? Kai dai ba da maganin."

Na ce ba ni bayarwa. Na ce dokar da na kafa wa mutanen Garbadu ba zan karya ta a kan uwata ba, tunda ita ce ma na fi tsoron a yi wa kuskure. Na yagi auduga na murza, na nuna wa ƙanwata yadda ake yi a bayan hannunta, na sa ta rufe ido ta gwada har ta iya. Na ce ta je ta yi wa Inna haka, ta kira ni ta gaya mini abin da ta gani. A ganina na sami hanya.

Na manta cewa mutanen ƙauyenmu sun san audugar nan. Tun Inna tana yarinya ma'aikata sukan zo su tara mutane a gindin bishiya su gwada su da ita, kuma a haka aka gano wani kawunta. Shi an makara, yatsunsa sun riga sun tafi. A bayan gari ya ƙare rayuwarsa, da ƙwaryarsa daban, da randarsa daban. Saboda haka da ƙanwata ta fito da audugar ta ce Inna ta rufe ido, Inna ta buge hannunta. Ƙanwata ta kira ni tana kuka, ta maimaita mini abin da aka ce.

"Tac ce ita za a gwada da auduga awa kawunta? Tac ce ashe abin da mai asibiti ka yi mata zato ke nan. Tac ce kar a sake yi mata maganag ga."

Daga ranar ƙofa ta rufe. Na roƙi wata abokiyar aikina, mace, ta bi ni ƙauye ta duba ta. Inna ta karɓe ta hannu bibbiyu, ta dama mata fura, ta sa aka kama mata kaza, amma ko wuyan hannunta ba ta bari ta gani ba. Ta ce lafiyarta lau, gajiya ce kawai irin ta tsufa. Mahaifinmu ya rasu da daɗewa, sai na kai ƙara wurin yayanta, kawuna, wanda nake ganin shi kaɗai zai iya tanƙwara ta. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai ɗan hwari na, ka san matsayinka. Ina yi mata magana, amma kalmag ga da kaz zo da ita, kar ta sake hita bakinka. Akwai ɗiya mata cikin gidan ga da ba su yi aure ba." Ya yi mata maganar kuwa. Ta ce masa ta ji, kuma shi ke nan.

Na yi fushi, fushin da ban san inda zan sauke shi ba. Na ji haushin Inna, na ji haushin kawu, na ji haushin kakannin da suka sayar da shanu suka bar mana kunya. Mutanen da ban sani ba suna shigowa ɗakina su tuɓe riga, tsofaffi sa'o'in Inna su ɗage zane su nuna mini gyambo a ƙauri, suna sa mini albarka. Matar da ta haife ni kuwa tana can tafiyar da ba ta kai rabin yini ba, da ciwon da na san sunansa, da maganinsa a cikin kabad ɗin bayana, kuma ban isa in ce mata miƙo hannu ba.

Ita kuma ta aika kemis aka haɗo mata mai. Bayan wani lokaci ta sa ƙanwata ta gaya mini, wai a faɗa wa mai asibiti tabon ya dushe, yaron kemis ya yi abin da manya suka kasa. Har da dariya ƙanwata ta isar da saƙon, don ita ma ta samu sauƙi a ranta. Na so in yarda. Amma na san tabo yakan dushe a ido cutar tana can ƙasa tana aikinta. Na tambaye ta ko Inna tana yar da abu daga hannu. Ta ce allura ce dai take yawan suɓuce mata, ta daina ɗinki, amma ai ido ne.

Sai kuma hanya ta lalace. 'Yan bindiga suka matsa wa yankinmu, aka riƙa tare motoci, kuma kowa ya san in suka kama ma'aikacin asibiti ba sa saurin sakin sa, don suna da masu ciwo a daji. Matata ta ce in na sake bin hanyar nan ba ta yafe ba. Zuwana gida ya koma sai an ji labarin hanya ta yi sauƙi, in je a gurguje, in tsuguna a bakin ƙofa, in dawo kafin la'asar. Duk zuwa idona yana kan hannun Inna, ita kuma ta gane, sai ta riƙa naɗe shi a mayafi tun kafin in yi sallama. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce.

A tsakanin nan ne wani manomin shinkafa daga Kaya ya zo mini da faso da cin ruwa a ƙafa. Ina duba shi na hangi tabo mai haske a kafaɗarsa, shi bai ma san da shi ba. Na fitar da shi rana, na sa ya rufe ido, auduga ta gaya mini gaskiya. Na gaya masa a asirce. Ya yi salati, ya yi gumi, sannan ya ce to a ba shi maganin. Duk wata yana zuwa karɓa, fitsarinsa ya yi ja ya tsorata, na ce masa aikin ƙwayar ne. Ya gama ya warke, yatsunsa goma cif, yana damƙar lauje kamar da. Ranar da na sallame shi ya kawo mini shinkafa a buhun taki yana ta addu'a, wai Allah ya saka wa iyayen da suka haife ni. Da ya fita na rufe ƙofa na zauna, ban iya kiran na gaba ba sai da aka ƙwanƙwasa.

Ban san sau nawa na tsara maganar da zan yi wa Inna ba. Na yi tunanin in ba ƙanwata ƙwayoyin ta ce na ƙarin jini ne. To amma magani ne na watanni, mai sauya launin fitsari, wani ma yana duhunta fata, kuma yakan tayar da rikici a jiki wanda sai ana duba mutum a kai a kai. Ba a ba da shi a ɓoye, ba a kuma ba da shi ga wanda ba a tabbatar ba. Na yi tunanin in shiga ɗakinta kawai in kama hannun da ƙarfi, in ta tsine mini ta tsine. Na isa bakin ƙofar da wannan niyya fiye da sau ɗaya. Da na ji muryarta ta amsa sallama sai in tsuguna in ce ina wuni, ta ce lahiya, in tashi. Kunyar da nake zagi ashe ni ma tana jikina.

Wata safiya ƙanwata ta kira. Ta ce Inna tana tuƙa tuwo, ta dafa gefen tukunya da hannun dama don ta riƙe ta, ta ci gaba da tuƙi da na hagu. Ƙanwata ce ta ji ƙauri daga ɗaki ta fito. Inna ba ta san hannunta yana ƙuna ba sai da aka janye shi. Ta daɗe tana kallon tafin, sannan ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "A kai ni wurin mai asibiti."

Gidana aka kawo ta, don ta ce ba ta shiga asibiti a gan ta. Matata ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda rana take, ta kwashe yara ta fita da su maƙwabta. Inna ta zauna ta ba ni baya, ta lulluɓe har kai, ta miƙo hannun dama ta gefe. Ƙanwata ta ɗora shi a kan matashi, tafin yana kallon sama. Ban taɓa ganin hannun nan kusa haka ba. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun lanƙwashe, naman gindin babban yatsa ya zube, tafin ya bushe ƙayau babu alamar zufa, ga bororon ƙuna ya taso a gefe. Tun kafin in taɓa komai na san mun makara. Magani zai kashe cutar, zai tsare ɗaya hannun da ƙafafu in Allah ya so, amma wannan ya riga ya tafi.

Duk da haka aiki sai an yi shi yadda aka koya. Na ce wa ƙanwata, "Ce mata ta ruhe ido. Duk inda taj ji an taɓa, ta ce ta ji."

Ƙanwata ta faɗa mata, ko da yake tsakanina da Inna bai fi kamu biyu ba, kuma ta ji ni sarai. Ta gyaɗa kai a cikin mayafi.

Na murza auduga na shafa a kan tabon da na hanga ranar Juma'ar nan, wanda yanzu ya bazu ya kusa wuyan hannu. Shiru. Na sake shafawa a tsakiyarsa da gefensa. Shiru. Na ajiye audugar na ɗauki biro, na dangwala bakinsa a kan ƙaramin yatsa, da na kusa da shi, da na tsakiya, da tsakiyar tafi, da gindin babban yatsa. Ina dangwalawa ina jiran ta ce ta ji, ko sau ɗaya, ko da ƙarya ne. Ƙanwata tana kallon biron tana kallon fuskata, hawaye yana zubo mata, ta toshe baki da gefen hijabi don kada Inna ta ji.

Na ajiye biron. Ban san abin da ya kai ni ba, sai na ga na ɗora tafina a kan nata, a hankali, ina kauce wa ƙunar. Hannun yana da ɗumi, yana da kaushi, ya fi yadda nake zato ƙanƙanta. Tunda aka yaye ni ban taɓa jikin matar nan ba, ga furfura ta fara fito mini a gemu. Na bar hannuna a wurin. Zuciyata ta karye, na ji da ma ban taɓa koyon aikin nan ba, da yanzu ina zaune ina murna na riƙe hannun uwata.

Inna ta gyara zama kaɗan, har yanzu idonta a rufe, ta juya kai wajen ƙanwata.

"Ce mai in zai hwarawa ya hwara," ta ce. "Rana tana duka na."

Ƙanwata ta buɗe baki za ta gaya mata. Na yi mata alama da kai ta yi shiru. Na ce ta gaya wa Inna ta ƙara haƙuri kaɗan, yanzu zan fara, kuma ban ɗauke hannuna ba.